Wai har yanzu akwai daɗi a fim ɗin James Bond, ko sabo ne kawai?

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wanda bai kalli No Time to Die ba ya rufe ido ya wuce, don zan fasa ƙwai. Ni a wurina, ranar da suka kashe James Bond, ɗan leƙen asirin Birtaniya na fim, a 2021 suka kashe dalilin kallonsa. Daga Dr. No na 1962 zuwa wannan na ƙarshen fim 25 kamfanin Eon ya yi, mutum shida suka sa kwat ɗin, kuma duk tsawon shekarun nan akwai alkawari tsakaninsu da mai kallo: akta ba ya mutuwa. A ɗaure shi a kan tebur a kunna wutar da take yanka ƙarfe, a turo shi daga jirgin sama ba laima, a bar shi a tsakiyar kadoji, kai dai kana zaune hankalinka kwance kana jiran ka ga ta inda zai ɓulle. Sai ga shi an tsayar da shi a kan tsibiri, 'yar tsanar 'yarsa soke a ƙugunsa, makamai masu linzami na ƙasarsa suna sauko masa a ka. Awa 2 da minti 43 mutum ya zauna don a sa shi jimami? In kuka nake so ai na san inda finafinan Indiya suke.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. To ai bayan sunaye sun gama wucewa sun rubuta cewa zai dawo. Mutuwar da mai ita zai dawo har mutuwa ce?

Baban Walid:
Shi ne ma abin haushin. In za ka kashe ka kashe, in ba za ka kashe ba ka bar mana shi. Sun karɓi hawayen mutane kuma sun riƙe kasuwarsu.

Kawu Mai Rediyo:
Baban Walid ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ku yaran yanzu a waya kuka san Bond, kuna kallo kuna amsa saƙo. Mu a silima muka san shi, Plaza ta Fagge, sama a buɗe ba rufi, sai duhu ya sauka sannan a kunna. Kuma Roger Moore ne namu.

Farkon The Spy Who Loved Me na 1977 har gobe yana idona. Ana bin sa a kan dusar ƙanƙara ana harbi, kiɗa na tashi, kawai sai ƙasa ta ƙare a gabansa ya faɗa daga kan dutse. Kiɗan ya ɗauke ɗif. Mutum yana ta tafiya ƙasa, sandunan hannunsa suka tafi, katakan ƙafarsa suka fice, shi dai yana ta faɗuwa, silima ta yi tsit har kana jin muryar mai gyaɗa daga bakin ƙofa. Can sai laima ta buɗe, gaba ɗayanta tutar Ingila, kiɗan nan nasa ya ɓarke. Wallahi mutanen da ko kalma ɗaya ta Turanci ba sa ji sai da suka miƙe suna tafi da fito.

Wa ya taɓa fitowa daga silima yana iya faɗin takamaiman abin da bos yake nema? Mu dai mun san dogon nan mai haƙoran ƙarfe da aka jefa wa kifin shak, shi ya ciji kifin. Mun san farar Lotus da ta faɗa teku ta koma jirgin ƙarƙashin ruwa, ta fito bakin gaɓa a gaban masu shan iska, Moore ya zuge gilashi ya jefar da ɗan kifi kamar ba a yi komai ba. Tatsuniyar Gizo ce. Kowane yaro ya san Gizo zai kuɓuta, amma bai hana shi cewa ta zo mu ji ta ba. Shi kuwa Daniel Craig, fim biyar, na kasa tuna inda ya yi dariyar da ta kai ciki.

Injiniya:
Allah ya ƙara lafiya Kawu. Na yarda da rabin maganarka. Tsallen nan da ya tashi Plaza ba siddabarun kyamara ba ne, mutum ne ya yi shi da ransa. Rick Sylvester sunansa, daga kan dutsen Asgard a tsibirin Baffin na Kanada, a 1976. Kyamarori da dama aka kafa, guda ɗaya tak ta kama shi daga sama har ƙasa. In ka sake kallo da kyau za ka ga ɗaya daga cikin katakan ya biyo shi ya bugi laimar tana buɗewa. Da ya yaga ta shi ke nan.

A nan nake ganin daɗin Bond yake, ba a barkwancin Moore ba. Kadojin da Baban Walid ya ambata a Live and Let Die na 1973, kadoji ne na gaske, a wata gonar kiwonsu a Jamaika. Mai gonar, Ross Kananga, shi ya sa kayan Moore ya taka bayansu da gudu. Sai a gwaji na biyar ya haye lafiya, a ɗaya daga cikin na farkon kada ya cafki ƙafar wandonsa. Saboda jin daɗi suka sa wa bos ɗin fim ɗin sunansa. Shekara ɗaya bayan nan, a The Man with the Golden Gun, mota ta tashi daga karyayyar gada a Tailan ta murɗa a iska kamar ana matse wanki ta dira a ɗaya gefen kogin. Da kwamfuta aka lissafa gudun da karkatar katakon, tun a farkon shekarun 1970 fa, kuma sau ɗaya aka ɗauka. Sai suka ɗora wa abin wani usur na wasan yara suka zubar masa da girma. Shi kansa John Barry mai kiɗan ya ce ya yi nadamar usur ɗin. To wannan usur shi ne zamanin Moore a dunƙule, Kawu: aikin maza, a rufe shi da shiririta.

Sannan GoldenEye na 1995, Wayne Michaels ya ɗaura igiya a ƙafa ya faɗa daga madatsar ruwan Verzasca a Suwizalan, mita 220. Ku haɗa wannan da Die Another Day na 2002, inda Pierce Brosnan yake sulu a kan igiyar ruwan da aka zana da kwamfuta, ga motar da take ɓacewa. Fim ɗin ya kawo kuɗi, amma kowa ya san an kai bango. Craig ne ya zo ya tsamo abin daga shiririta.

Kawu Mai Rediyo:
Ɗana, usur ɗin ma mun yi masa tafi.

Auta:
Kawu ba ya ɗaukar raini a kan Moore 😂

Injiniya:
A duba bin da aka yi a farkon Casino Royale na 2006. Wanda ake bi, Sébastien Foucan, yana cikin waɗanda suka kafa wasan tsallake gine-gine a Faransa. Akwai inda ya zo bango ya tarar da 'yar ƙaramar kafa a sama, ya naɗe jikinsa ya zurara ta ciki ko ƙura bai taɓa ba. Craig da ya iso bai ko kalli kafar ba, ya sa ƙirji ya fasa bangon ya wuce. Daƙiƙa uku, ba magana, an gaya maka wane irin mutum ne wannan sabon Bond ɗin. Yana faɗuwa, yana jin ciwo, farar rigarsa tana jiƙewa da jini sai ya hau sama ya sake wata. Wannan ya fi mini wanda zai tuƙa tankar yaƙi ya rushe rabin birnin Santa Fitasbag ya gyara taye.

Baban Walid:
Injiniya ba mu da faɗa a kan Casino Royale. Martin Campbell ne ya ba da umarni, shi ne kuma ya yi GoldenEye, mutumin ya san aikinsa. Abin da ya biyo baya nake kuka da shi. Da can kowane fim da kansa yake tsaye: M, shugabansa, ya kira shi ofis, ya ba shi aiki, ya biya wurin Q mai haɗa na'urori ya karɓi kayan aiki ana yi masa faɗan ya dawo da su lafiya, ya hau jirgi. Ko daga na goma ka fara ba ka rasa komai ba. Na Craig kuwa an ɗinke su wuri ɗaya, in ba ka san Vesper, masoyiyarsa da ta mutu a Casino Royale, ba ba za ka gane me yake yi a maƙabarta bayan shekara 15 ba. Kuma kusan kowane fim ko ya ajiye aiki, ko an dakatar da shi, ko an ɗauka ya mutu. Yaushe ne ma'aikacin nan yake zuwa aiki? Da aka zo Spectre a 2015 sai aka ce wai Blofeld, babban bos na tun zamanin Sean Connery, ashe a gidansu aka riƙe Bond yana yaro, duk ɓarnar da yake yi a duniya haushin ubansa ya fi son ɗan riƙo ne. Haba jama'a. Ƙungiyar da take juya gwamnatoci ta koma rikicin 'yan uba.

Maman Husna:
Sallama. Na ga maza sun cika zaure ana ta lissafin tsalle, bari in sa baki. Ku faɗi gaskiya, a cikinku wa yake iya kallon Bond a falo da iyali ba rimot a hannu? Tun daga waƙar farko da inuwar mata suna rawa a kan bakin bindiga ake fara neman maɓallin wucewa. Kuma na Connery da kuke kira na asali, ku koma ku kalli abin da ya yi wa matar nan matuƙiyar jirgi a rumbun ciyawa a Goldfinger, tana ture shi yana dannewa, aka sa kiɗa mai daɗi wai soyayya ce. A Thunderball ma haka ya yi wa ma'aikaciyar asibiti. Wannan ba barkwanci ba ne.

Ni abin da ya sa na fara zama in kalla Judi Dench ce. Tun fitowarta ta farko a matsayin M a 1995 ta zaunar da Brosnan ta wanke shi tas, ta gaya masa shi tsohon yayi ne mai raina mata. Daga nan har Skyfall ita ce mutum ɗaya da yake jin nauyi. Skyfall ma in kun lura fim ɗinta ne, Javier Bardem ita yake nema, a hannun Bond ta cika. Fim ɗin ya haura dala biliyan 1 a kasuwa, babu wani Bond da ya kai shi. To Baban Walid, in mutane ba sa son jimami wa ya sayi tikitin?

Sai Michelle Yeoh a Tomorrow Never Dies, an ɗaure hannunta da nasa da ankwa suna kan babur suna faɗan wa zai riƙe kan. Da Ana de Armas a Kyuba, 'yan mintuna kaɗan ta yi a No Time to Die, ta harbe na harbewa ta yi masa sallama ta tafi abinta. Ita ce ma ta fi kowa ba ni dariya a fim ɗin.

Baban Walid:
Hajiya kin ga kin kawo mini hujja da kanki. Wurin da kowa ya fi so a fim ɗin shi ne wurin da ya yi kama da Bond na da. Ga kwat, ga raha, ga harbi, ba mai kuka.

Maman Husna:
Ya yi kama da na da, an cire abin da na ce. Ka ga ashe ana iyawa.

Malamin Tarihi:
Kawu, da girmanka, zan ɗan taɓa maganar Gizo. Gizo ba shi da ƙarfi, ba shi da sarauta, da wayo yake cin Zaki da Kura, shi ya sa talaka yake son sa. Bond kuwa ɗan gwamnati ne da aka ba takardar izinin kisa, ya shiga ƙasar kowa ba sallama. Shi ne dogarin Zaki.

Ku dubi lokacin da aka haife shi. Ian Fleming, wanda ya yi aikin leƙen asiri a rundunar ruwan Birtaniya a yaƙin duniya na biyu, ya fitar da littafin farko a 1953. A lokacin Indiya ta riga ta tafi tun 1947, a Ingila kuwa har nama da kati ake saya, sai 1954 aka daina. Sai ga littafi da Baturen Ingila yake cin abinci mai tsada a Faransa, Ba'amurke yana miƙo masa kuɗi shi kuma yana ceto duniya. A 1956 Amurka ta tsawata musu a kan mashigin Suwez suka janye daga Masar da kunya. Jamaika ta karɓi 'yanci a watan Agustan 1962, wata biyu bayan nan Dr. No ya fito yana nuna ta a ƙarƙashin gwamna Bature, Bond yana aiken Quarrel, baƙin mutumin da ya taimake shi, ya ɗauko masa takalmi. A 1963 da ake kallon From Russia with Love, babban jami'insu na gaske Kim Philby ya gudu Mosko, ashe shekara da shekaru Rasha yake yi wa aiki. Hukumar leƙen asirinsu ta gaske, MI6, kuma, a shekarar da littafin farko ya fito, tana can tare da CIA suna kifar da gwamnatin Musaddiƙ a Iran saboda man fetur.

Laimar nan mai tuta da Kawu ya yi wa tafi, shekara 17 ke nan da sauke wannan tutar a Legas. Ban ce kada a ji daɗi ba, ni ma ina kallo. Amma a san abin da ake sayar mana.

Kawu Mai Rediyo:
Malam, mu ba tuta muka yi wa tafi ba, laima muka yi wa da ta buɗe. Da tutar Kano Pillars ce ma sai mun fi haka ihu.

Malamin Tarihi:
Na karɓa Kawu 😄 Amma ka duba yadda suke nuna mu. Casino Royale da Injiniya yake yabo, Afirka biyu ce a ciki: sansanin 'yan tawaye a Mbale ta Yuganda, ruwa da taɓo da yara da bindiga, sai Madagaska inda jama'a suka yi da'ira suna caca a kan faɗan maciji. Daga nan Bond ya kutsa ofishin jakadancin wata ƙasar Afirka da suka ƙirƙira ya tashe shi da wuta. Kuma ko ƙafa ba su sa a nahiyar ba: Madagaskar a Bahamas aka ɗauke ta, Yugandar kuma a wani daji kusa da Landan.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Nijeriya. Mu nan da Faransanci muka san shi, ina yaro na ɗauka Bafaranshe ne, sai da na girma na ji muryar Connery ta gaske. Kuma Faransa tana da hannu a ciki sosai: Moonraker na 1979 yawancinsa a Faris aka yi shi, bos ɗin Michael Lonsdale ne, ga matan Faransa da suka fito a wasu finafinan: Carole Bouquet, Sophie Marceau, Eva Green, Léa Seydoux.

Malam, ina da ƙari a kan maganarka amma ta wani gefen. Abin da na lura, masu Bond 'yan kasuwa ne kafin komai, ba sa son ɓata wa mai sayen tikiti. A littattafan farko Rasha ce abokiyar gaba kai tsaye, a fim sai suka ɗora laifin a kan SPECTRE, ƙungiyar da ba ta da ƙasa. Bos kusan kullum wani attajiri ne: mai zinariya, mai jiragen ruwa, mai gidajen jarida da yake haddasa yaƙi don ya samu labari, mai son mallake ruwan sha na Bolibiya. Bayan 2001 finafinan Amurka da yawa sun mai da mai rawani da gemu abin harbi, Bond bai bi wannan layin ba. Rami Malek, wanda iyayensa 'yan Masar ne, ya faɗa da bakinsa cewa sai da ya sa sharaɗi kafin ya karɓi No Time to Die, ba zai fito a ɗan ta'adda mai fakewa da addini ba, darakta ya ce ba haka aka tsara ba. A The Living Daylights na 1987 ma mujahidan Afganistan ne abokan Bond, su suka zo a kan dawakai suka cece shi. A Maroko aka ɗauka.

Malamin Tarihi:
A 1987 ai abokan Landan da Washinton ne, shi ya sa. Fim ɗin yana bin inda gwamnati ta fuskanta.

Auta:
Ni fa duk wannan tarihin ya yi mini yawa. Tambaya ɗaya: in kasada ce daɗin, me ya sa ba za a ba Mission: Impossible na Tom Cruise kambun ba? Duk sunayen da Injiniya ya jero, Sylvester, Kananga, Michaels, ba ko ɗaya da yake Bond. Wani ne yake faɗowa, sannan a nuno fuskar akta gashinsa a kwance. Moore yana da shekara 57 a A View to a Kill, daga nesa kana gane ba shi ne yake gudun ba. Tom Cruise kuwa shi da kansa ya rataya a jikin Burj Khalifa a fim ɗin 2011, shi ya manne a ƙofar jirgin soja yana tashi a na 2015, ya karya idon sawu a Landan yana tsallake gini ya ja ƙafar ya ƙarasa sin ɗin, kuma shi aka bari a fim. Ya hau babur ya faɗa daga kan dutse a Norwe. Wannan fa?

Injiniya:
Ƙanena ba wanda zai raina Cruise. Amma ka san shekarar da aka haife shi? 1962, shekarar Dr. No. Duk finafinan nan takwas a kan gwiwar mutum ɗaya suke tsaye, ranar da gwiwar ta ce a'a magana ta ƙare. Bond kuwa kujera ce. Connery ya tashi Lazenby ya zauna, Moore ya yi bakwai, Dalton biyu, Brosnan huɗu, Craig biyar. Connery ya rasu a 2020, Moore a 2017, ga mu nan muna faɗa a kan wanda zai zo.

Kuma ka gaya mini sunan bos ɗaya na Mission: Impossible ba tare da ka duba waya ba.

Auta:
Akwai wannan… mai gashin baki.

Injiniya:
Na gode.

Maman Husna:
Ga kuma waƙa, wadda su Cruise ba su da ita. Shirley Bassey ta yi uku. Na ƙarshen nan uku a jere duk sun ci Oscar: Adele, Sam Smith, Billie Eilish. Ina wuce hoton amma ina barin sautin.

Injiniya:
Baban Walid, na dawo kanka. Ka ce jimami baƙo ne a Bond. On Her Majesty's Secret Service, 1969. Ya yi aure na gaske, Diana Rigg ce amaryar. Sun bar wurin biki, ya tsaya a gefen hanya yana cire furannin da aka liƙa wa motar, Blofeld ya wuce da mota aka buɗe musu wuta. Ya dawo zai tada mota su bi su, ya juya ya ga harsashi ya huda gilashi ya same ta a goshi. Ɗan sanda ya tsaya a kan babur, Bond yana rungume da ita yana ce masa ba komai, hutawa take. A haka fim ya ƙare. Waƙar Louis Armstrong ta wannan fim ɗin ita suka dawo da ita a No Time to Die, da gangan. Shekara 52 ke nan abin yana cikin jininsa.

Baban Walid:
Matarsa ce ta mutu, ba shi ba. Kuma me ya biyo baya? Lazenby da ya yi Bond a fim ɗin bai sake yin wani ba, suka bi Connery da kuɗin da ba a saba biyan ɗan wasa ba a lokacin, dala miliyan 1 da ɗoriya, ya dawo ya yi Diamonds Are Forever cike da barkwanci. Su da kansu sun san an yi nisa sun dawo hanya. Haka abin yake tafiya: in shiririta ta yi yawa a tsuke, bayan Moonraker da aka je sararin samaniya ana harbi da haske sai aka yi For Your Eyes Only a ƙasa. In ɗaurewar fuska ta yi yawa a saki, bayan Dalton sai Brosnan. Yanzu bashin raha ake bin su, shekara 15 aka yi ana ɗaure mana fuska.

Ɗan Damagaram:
To amma masu wannan awon sun tafi ai. Gidan Broccoli, masu kamfanin Eon, ne suka riƙe abin tun daga Cubby har 'yarsa Barbara da Michael Wilson. Amazon ta sayi kamfanin fim na MGM a kan kusan dala biliyan 8 da rabi, a watan Fabrairun 2025 kuma suka miƙa mata ikon tsara fim ɗin. Tsorona kada su mai da shi abin kullum: ga shirin Moneypenny sakatariyar M, ga na Q yana saurayi, ga na Felix abokinsa Ba'amurke. Rabin daɗin Bond jira ne. Tsakanin 1989 da 1995 ba a yi ko ɗaya ba, da ya dawo duniya ta ɗauka.

Injiniya:
Sun dai ba Denis Villeneuve, wanda ya yi fim ɗin Dune, aikin ba da umarnin na gaba. Wajen hoto ba za a ji kunya ba.

Kawu Mai Rediyo:
Jikana ya kunna mini Dune ɗin nan. Yashi, yashi, mutane suna raɗa. In shi ne zai yi, Baban Walid ka tanadi haƙuri, bashin rahar nan ba yanzu ba.

Auta:
Su ba Idris Elba kujerar Bond kawai a huta.

Maman Husna:
An haife shi a 1972, Auta. Wanda za su ɗauka sai ya yi musu shekara goma ko fiye yana gudu a kan rufin jirgin ƙasa.

Malamin Tarihi:
Ko baƙar fata irin Elba suka sa, aikin dai na wa zai yi? Abin dariya ma, gaskiya ta riga fim: a 2025 aka naɗa Blaise Metreweli shugabar MI6, mace ta farko, kuma kafin nan ita ce mai riƙe da sashen na'urori, wato Q ta gaske. Can ba M suke ce wa shugaban ba, C suke cewa, kuma har yau da koren tawada yake sa hannu.

Ummin Sadik:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Ni ban taɓa kallon ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Da wanne zan fara? Guda ɗaya don Allah, kada a jero mini 25.

Injiniya:
Casino Royale.

Kawu Mai Rediyo:
Kada ki saurare shi 'yata, rabin fim ɗin mutane ne zaune suna kallon kati. The Spy Who Loved Me, har dalar Masar za ki gani.

Baban Walid:
GoldenEye. Yana da kasadar Injiniya, yana da rahar Kawu, ga Judi Dench ta Hajiya.

Maman Husna:
Skyfall, 'yar uwa. Amma ki bari yara su yi barci, kuma in an zo Makawo wurin jirgin ruwa ki riƙe rimot.

Ɗan Damagaram:
In kina son Indiya akwai Octopussy na 1983, a Udaipur aka yi, Kabir Bedi ne yaron bos, har tseren Keke Napep a cikin kasuwa.

Ummin Sadik:
Na ce ɗaya, an ba ni biyar.

Auta:
Anti ki fara da mai motar da take ɓacewa. In kin iya jure shi, sauran duk za su yi miki daɗi.